Yadda Ake Daɓen Kankare Na Shigar Mota a Kan Baƙar Laka

A nan Sudan, daga Wad Madani zuwa Sinnar, Maiwurno, Sinja, Damazin har Gadarif, ƙasa iri ɗaya muke takawa, baƙar laka mai danƙo. Ita ce ke riƙe wa dawa da riɗi da auduga ruwa, ita ce kuma ke fasa gini. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsuke ta dare, har mutum ya zura hannu cikin tsagar bai taɓo ƙarshenta ba. Duk abin da aka ɗora mata sai ya bi ta wannan hawa da sauka kowace shekara. Shi ya sa za ka ga an kashe kuɗi an zuba kankare daga bakin ƙofa zuwa rumfar mota, kafin damina biyu ya rabe gida uku, gefe ɗaya ya ɗaga, ƙofar ƙarfe ta daina rufuwa sai an ɗaga ta. Maigida ya ce simintin ne ba shi da kyau, ko magini ya ci amana. Wani lokacin haka ne. Amma galibi ɓarnar daga ƙarƙashi take, wurin da aka ƙi kashe wa ko sisi saboda ba wanda zai gan shi. Don haka kusan rabin aikin nan za a gama shi ne kafin a yage buhun siminti ko ɗaya.

Fara da tambayar da aka fi tsallakewa: wace mota ce za ta riƙa hawa? Idan ƙaramar mota ce ko raksha, wato keke mai ƙafa uku na inji, kaurin santimita 10 yakan isa a ƙasa mai kyau, amma a lakarmu ni 12 nake ba da shawara. Idan boksi ce, wato a-kori-kura, mai shigowa da buhuna, a kai shi 15. Idan kuwa lori ne ko tarakta mai jan tirela, wannan ya wuce shawarar maigida da magini, a nemo injiniya ya duba ƙasar ya fitar da kauri da yawan ƙarfe. Kada ka ce ai sau ɗaya lorin zai shigo a shekara, lokacin kaka. Sau ɗayan ya isa.

Faɗin mita 3 ya wadatar wa mota ɗaya, mita 5.5 zuwa 6 ga mota biyu kafaɗa da kafaɗa. Kafin ka kafa turaku, shigo da motar da kanka yadda ka saba, ka fita da baya, sannan ka sauka ka duba sawun taya a ƙasa. Inda taya ke yanke kwana a bakin ƙofa, nan za a faɗaɗa, don gefen daɓe shi ne wuri mafi rauni, kuma daga nan yake fara ɓantarewa.

Abin da ke wajen ƙofa ba filinka ba ne, titi ne. Idan daɓen zai fita waje, a tuntuɓi ofishin mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, kuma ko da ba wanda ya tambaye ka, kada ka toshe magudanar unguwa. A sa babban bututu ko ƙaramin kwalbati ruwa ya wuce ta ƙarƙashi. Wanda ya ɗaga bakin ƙofarsa ya tura wa maƙwabci ruwa, ranar ruwan farko zai ji sallama.

Yanzu maganar ruwa, wadda ita ce uwar aikin. Laka ba ta motsi sai danshinta ya canza. Idan ka iya hana ruwa shiga ƙarƙashin daɓen, ka kuma hana danshin da ke can tserewa da sauri, ka rage mata ƙarfi sosai. Tsaya a tsakar gida ka lissafa duk inda ruwa ke fitowa: indararon rufi, famfon tsakar gida, wurin alwala da wanke-wanke, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, tankin ruwa, ramin bayan gida. Kowanne a nisanta shi daga gefen daɓen, ko a yi masa hanya ta bututu har waje. Famfon da ke ɗiga dare da rana a kusurwa ɗaya ya fi ruwan sama illa, domin ruwan sama yana jiƙa ko'ina daidai, shi kuwa wuri ɗaya yake kumburawa ya bar sauran, kankare kuma ba ya lanƙwasa, karyewa yake.

Itace ma haka, ta ɗaya fuskar. Dogon yaro da muke so saboda inuwa yana zuƙe danshin ƙasar da ke kusa da shi da rani, gefen ya nutse, saiwarsa kuma ta bi ƙarƙashi ta ɗaga. Ba na cewa a sare bishiyar da ta girmi 'ya'yan gidan. A karkatar da hanyar nesa da ita gwargwadon hali, sabon dashe kuma a kai shi can wani ɓangaren.

Sai gangara. A ba daɓen santimita 2 a kowace mita, daga gini zuwa waje. Hanya mai tsawon mita 8 ke nan bakinta na ciki zai fi na waje tudu da santimita 16. Ba a auna wannan da ido. Siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa: mutum biyu su riƙe bakunansa, a yi alama a jikin turaku inda ruwan ya tsaya, daga nan a auna ƙasa a ja zare. A tabbata saman daɓen yana ƙasa da daɓen ɗakuna, yana kuma sama da titi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Zafi ya sauka, ƙasa kuma tana tsaka-tsaki, ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kai ga darewa ba. Wanda ya zuba a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma laka ta tsuke iyakar tsukewarta, ya ɗora daɓensa ne a kan ƙasar da ba abin da ya rage mata sai kumbura. Idan dole ta sa sai da rani, bayan an yi haƙa a yi ta ba ƙasan ramin ruwa na 'yan kwanaki har tsagogin su rufe, a bari saman ya sha iska, sannan a fara ciko. Matsala ɗaya da watannin sanyi ita ce sun haɗu da yankan dawa, lebura na wuya musamman a Gadarif, sai a yi magana da su da wuri.

Haƙa. A kwashe baƙar lakar aƙalla rabin mita ƙasa da inda gindin kankaren zai zauna, a kuma wuce faɗin hanyar da rabin mita ta kowane gefe. Inda gidajen maƙwabta suka tsattsage sosai, alama ce lakar wurin mai ƙarfi ce, a ƙara zurfi. Kafin a sa diga a san inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi. Ga masu gyaran gida, idan tsohon daɓe ya fashe kada a zuba sabo a kansa, tsagar ƙasa sai ta fito a sama a daidai wurin. A fasa shi a kwashe.

Abin da za a mayar cikin ramin shi ne burji, wato jar ƙasa mai tsakuwa wadda ba ta kumbura, irin da ake cikon titi da ita. A nan mutane da yawa ke kuskure, suna cika ramin da zallar yashi saboda ya fi araha kuma ba ya wahalar baza. Yashi zalla a cikin ramin laka ya zama kwatarniya: ruwa ya shige shi da sauƙi, ya sauka ya taru a kan lakar da ke ƙasa, ba hanyar fita. Ana son ciko mai ɗan gari a jikinsa wanda idan an danne zai haɗe ya toshe. Idan gallabi, wato tifa, ya kawo, ɗebi kaɗan ka jiƙa ka murza a tafin hannu. In ya yi dogon zare mai santsi bai tsinke ba, laka ta yi masa yawa, a mayar.

Ba a juye cikon gaba ɗaya a bi samansa da ƙafa. Hawa-hawa ake yi. Da injin dannewa, kowane hawa santimita 15. Da madaɓin hannu, kada ya wuce 10. A baza, a yayyafa ruwa, a danne, sannan a ƙara wani. Gwajin danshi a hannu yake: dunƙula cikon, in ya riƙe siffarsa bai jiƙa maka tafi ba, ka sake shi ya faɗi ya rabe gida biyu ko uku, ya yi daidai. In ya watse kamar gari ruwa ya yi kaɗan, in ya manne ya yi yawa. Hayar injin kwana ɗaya ko biyu ita ce kuɗin da ya fi kowanne amfani a aikin nan. Hanya mai mita 3 da mita 8 za ta ci ciko kusan kubik mita 16 bayan an danne, wato abin da za ka saya zai doshi 20. Da an gama, a hau da mota mai kaya a yi gaba a yi baya. Inda taya ta bar kwari, wurin bai dannu ba.

Tun kafin hawa na ƙarshe, duk bututun ruwa ko waya da za su ratsa ƙarƙashi a zura su cikin wani bututun roba da ya fi su faɗi, yadda za a iya zaro su a canza ba tare da an fasa daɓe ba. A ƙara ɗaya a bar shi fanko, a toshe bakunansa. Wata rana za a neme shi.

Kafinta ya kafa katako a kan zaren da aka ja, turaku kowace mita ɗaya ta waje, saman katakon shi ne saman daɓe. A bakin gefuna biyu na tsawon hanyar a zurfafa ramin kamar santimita 25 a faɗin santimita 20, yadda kankaren zai sauka ya yi wa daɓen ƙafa. Wannan ƙafar tana ƙarfafa gefe, tana kuma tare ruwan da ke son kutsawa ta ƙarƙashi. Duk inda daɓen zai haɗu da bango ko ginshiƙin ƙofa, a jingina soso ko allo mai laushi na santimita ɗaya a tsakani. Kada a ɗaure daɓe da ginin gida da ƙarfe. Kowanne motsinsa daban, in an haɗa su ɗaya zai ja ɗaya.

Kankare yana tsukewa idan yana bushewa, don haka tsagewa dole ce, abin da ke hannunka shi ne zaɓar masa wurin da zai tsage. Ƙa'idar ita ce tazarar mahaɗa, wato layukan da ke raba daɓen fanni-fanni, kada ta wuce kaurin daɓen sau 24 zuwa 30, wato kusan mita 3 ga kaurin santimita 12, kuma kowane fanni ya kusa zama murabba'i. Hanyar mita 8 sai a raba ta uku. A wurinmu, inda ƙaramin injin kwaɓi ake haya, hanya mafi sauƙi ita ce a raba da katako tun farko, a zuba na ɗaya da na uku yau, gobe a cire katakon a zuba na tsakiya. Don kada wani fanni ya ɗaga ya bar ɗan'uwansa, a huda katakon rabon a zura guntayen rodi marasa zane, masu kaurin milimita 12 da tsawon santimita 40, kowace santimita 30, a tsakiyar kaurin, a miƙe sambal. Rabin kowanne a shafa masa giris, yadda zai riƙe fannonin a layi ɗaya amma ya bar su su matsa.

A shimfiɗa leda mai kauri a kan cikon, bakunan su hau juna da kamar taki ɗaya. Sai rodi: mai liniya uku, wato milimita 10, a saƙa shi raga kowace santimita 25 zuwa 30, ya tsaya santimita 5 kafin katako ta kowane gefe, kada ya ratsa mahaɗa. Rodi ba ya hana tsagewa, riƙe tsagar yake kada ta buɗe. Kuma ba ya wannan aikin in yana kwance a kan leda. A ɗora shi a kan 'yan guntayen kankare da aka zuba tun da wuri, ya zauna a tsakiyar kauri ko sama kaɗan. Idan magini ya ce, “Bari kawai Alhaji, in muna zubawa za mu riƙa ɗaga shi da ƙugiya,” ka ce masa a'a cikin mutunci. Wanda ya ɗaga shi a kansa yake tsaye.

Kayan kwaɓi. Yawancin simintinmu daga masana'antun jihar Nahrun Nil yake zuwa, wajen Atbara da Barbar, akwai kuma ta Rabak. Kowanne ka samu, abin dubawa shi ne sabunta: buhun kilo 50 da ka danna ka ji gari ne, ba dunƙule. Wanda ya haura wata uku a ajiye ƙarfinsa ya fara raguwa. A jera shi a kan katako, a rufe. Tsakuwa mai girman santimita 2, wankakkiya, in da hali fasasshiya mai kaifi. Yashi mai kaushi na khor, wato ƙorama, ko na kogi, ba mai laushin da iska ke tarawa ba. Gwada shi da kwalba: zuba yashi santimita 10, cika da ruwa, sa ɗan gishiri, girgiza, ajiye ya kwanta na wasu awanni. In taɓon da ya kwanta a saman yashin ya wuce rabin santimita, a wanke yashin ko a canza. Ruwa kuwa, wanda za ka iya sha shi ne na kankare. Na kogi mai laka a bar shi ya kwanta a ganga, na rijiya mai gishiri a guje shi, yana cin rodi. Mutanen Bur Sudan su fi kowa kiyaye wannan.

Awon da nake so shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 3. Ba a awo da shebur, don shebur na safe da na azahar ba ɗaya ba ne. Kafinta ya buga akwati mai santimita 30 da 30 da 40, wanda ke ɗaukar kusan buhun siminti ɗaya. Kowane buhu, akwati biyu na yashi, uku na tsakuwa. A wannan awon kubik ɗaya na kankare yana cin buhu bakwai da ɗan ɗoriya. Ga lissafin hanyarmu: 3 sau 8 sau 0.12 ya ba da kubik 2.88, ƙafafun gefe biyu kusan 0.8, a ƙara kashi goma cikin ɗari na zubewa da rashin daidaiton ƙasa, ya zama kubik 4. Wato buhu 30, yashi kubik 2, tsakuwa kubik 3 da ɗan ƙari.

Ranar zubi a fara da an sallame asuba, ko kuma bayan la'asar a ƙarasa da fitila. Tun daren jiya a jiƙa tsakuwar ta huce, ganga ta kwana a inuwa. Ruwan kowane buhu lita 22 zuwa 25 ne, jarka ɗaya mai lita 20 da ɗan ƙari, in yashin jiƙaƙƙe ne a rage. A nan ne za ka tsaya da ƙafarka, domin kafin a yi kwaɓi uku za ka ji an ce, “Maigida, ya yi tauri, a ƙara ruwa.” Gaskiyarsu ce ta wani ɓangaren, mai ruwa ya fi sauƙin baza. Amma duk ruwan da ya wuce buƙatar siminti zai ƙafe ya bar ƙananan ramuka a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu, samansa ya riƙa tashi da ƙura. Kwaɓi mai kyau in ka ɗebo a shebur ka karkata, zamewa yake a dunƙule, ba kwarara ba. In da gaske ya yi wuyar aiki, akwai ruwan magani na sassauta kankare a shagunan kayan gini, a bi awon da ke jikin galan. Abin da aka kwaɓa a zuba shi cikin rabin awa. Wanda ya fara kamawa a baro ba a tashe shi da ruwa, zubar da shi ake. Masu aiki su sa takalman roba da safar hannu, ɗanyen siminti yana ƙona fata ba tare da mutum ya ji ba sai daga baya.

A fara zubawa daga kusurwa mafi nisa. A shimfiɗa katako a kan ragar don baro ya bi. A zura injin girgiza a tsaye, 'yan daƙiƙu a kowane wuri har kumfar iska ta daina fitowa, in babu shi a soka da guntun rodi sosai, a bubbuga jikin katako da guduma, musamman ƙafafun gefe da kewayen guntayen rodin mahaɗa. Sai mutum biyu su ja miƙaƙƙen katako a kan bakunan katakon gefe suna zuga shi gaba da baya, ya share abin da ya yi tudu, a cike inda ya yi kwari. A bi da faifan katako sau ɗaya.

Daga nan a dakata. Ruwa zai taso ya yi ƙyalli a sama, a bar shi ya ƙafe da kansa. Abu biyu ne ba a yi: ba a shafe daɓe ruwan nan na kai, ba a kuma barbaɗa busasshen siminti don ya shanye shi. Duka biyun suna yin ɓawo mai kyan gani wanda taya za ta ɓare cikin 'yan watanni. In ka danna da yatsa ya bar ɗan gurbi kaɗan, a sake bi da faifan katako, a zagaye bakunan, sannan a ja tsintsiya mai tauri a kan faɗin hanyar ta bar zane. Sulɓin cokalin ƙarfe na cikin ɗaki ne. A waje, da an yi ruwa laka ta hau, tsoho zai zame. Idan iska mai zafi ta taso ana cikin aiki, a rufe abin da aka gama da leda nan take, don ita ce ke jawo 'yan siraran tsagogin nan tun kankare bai kama ba. Wanda ya zuba hanyar gaba ɗaya bai raba da katako ba, ya yanka mahaɗan da injin yanka cikin awa 6 zuwa 18, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin.

Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, kuma tana ɗaukar makonni. Da zarar saman ya yi ƙarfin da ba zai ɓaci ba, a shimfiɗa buhunan algarara a jiƙa su, a ɗora leda a danne bakunan da bulo. Kwana bakwai a ƙalla kada ya ga bushewa, dare da rana, in an kai goma ya fi. Yayyafin safe da yamma a kan daɓe tsirara ba ban ruwa ba ne a zafinmu, kafin ka naɗe tiyo ya bushe. A kula kuma kada ruwan ban ruwan ya riƙa gangarawa yana taruwa a gefe yana jiƙa laka. A yi yarjejeniya da mai karon ruwa, wato amalanken jaki, tun kafin ranar zubi.

Ana iya takawa da ƙafa bayan kwana biyu. A kwana bakwai kankare ya kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ƙaramar mota ta jira kwana goma, mai kaya ta jira 28. Da an cire katakon gefe a cike gurbin da burji a danne, a ba shi gangara waje.

Bayan wata ɗaya, daɓen ya bushe, a share mahaɗan tas a ɗura musu narkakkiyar kwalta ko man toshe mahaɗa, har da tsakanin daɓe da bango. Kowace shekara a watan Mayu, kafin ruwan farko, a bi su a duba, inda kwaltar ta tsage a sake ɗurawa. Siririyar tsaga kamar gashi ba abin damuwa ba ce. Wadda tsabar kuɗi ke shiga cikinta a toshe ta a ranar, sannan a zagaya gefen da ta fito a nemo famfo ko bututun da ke yoyo.